Jinin da Iro Ya Binne Kafin Mu Tafi Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin jana'iza, sai mutum ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Sabo, yaya ƙasar waje?" Alhali idonsa ba a kan fuskata yake ba, a kan bakina yake. Kowa so yake in yi dariya ya ga abin da na je na sayo. To ni kuwa bakin nan har yanzu yana hannun gyara, dogon bayani wahala yake ba ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha kununa cikin rufin asiri.

Ga wanda bai sani ba, ni ne mai ja wa Malam Babba baƙi a tafsirin azumi na masallacinmu da ke Makera. Ni in karanta aya, shi ya fassara, shekara goma sha tara ke nan. Tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, ba ni da wata kujera a duniya da ake tashi a ba ni sai wannan. Shekara uku da suka wuce keke mai ƙafa uku ya kife da mu kusa da gada, na tashi lafiya lau, amma haƙorana huɗu na gaba, na sama, suka zauna a kan kwalta. Aka yi mini na roba. Shekarar farko sun yi biyayya. A ta biyu suka fara ƙas-ƙas a lasifika, har mutanen sahun baya suna tsammanin na'ura ce ta lalace. Bara kuwa, rana guda ina tsakiyar aya suka zamo, na tare su da leɓe, na yi shiru kamar wanda karatu ya ɓace wa. Daga ranar 'yan kwamitin masallaci suka fara ambaton Ustaz Kabiru, wanda ya dawo daga karatu da murya mai daɗi da haƙora talatin da biyu cif, kuma ya iya nuna su.

Maƙwabcina Emeka, mai sayar da kayan mota a Kakuri, shi ya kawo maganar Yamai. Ya ce, "Malam, wannan abu da ke bakinka jabu ne. Ka je a sa maka original." Ya ce wata likita ce a can ta dasa masa nasa lokacin da ya je wurin ƙanensa. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ɗan noti, a ɗebi jininka a juya shi a inji, a mayar maka a wurin don ya warke da wuri, bayan wata huɗu a ɗora haƙori a kai. Don in gaskata sai ya ɗauki kwalbar lemo ya ɓalle murfin da haƙorin. Na lissafa da yatsu, in na jira fasfo ya fito na tashi, zai rage wata huɗu da kwana goma azumi. Na ce Allah ne ya aiko Emeka.

Ban tsaya tambayar ko ana yin aikin a nan gida ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Tun da farar hula suka dawo mulki muke jin an fita da wane waje saboda mura, an fita da wane waje a duba masa kunne. Ni ma raina ya biya a ce a Makera, "An fita da Malam Sabo waje." Da na faɗa wa mai ɗakina Hajiya Talatu, cewa ta yi, "Wajen da ake zuwa a motar haya?" Na ce mata waje dai waje ne, tunda akwai hatimi a fasfo.

Sai kuma Iro. Iro wanzami ne, abokina tun muna makarantar allo, shi ya yi wa 'ya'yana duka aski da kaciya. Da ya ji da jinina za a yi aikin, ya ajiye askar da ke hannunsa ya ce, "Sabo, in dai haka ne ba za ka kwashi dattin jini ka kai wa baƙi ba, a yi mana dariya a ƙasar mutane. Sai na tace ka." Maganar ta shiga kaina, don ko kai ne za ka kai hatsi niƙa ai ka sheƙe shi tukuna. Sati uku a jere Iro yana kafa mini ƙaho, a ƙeya, a kafaɗu, a gadon baya. Kowane zama sai ya tara jinin a ƙoƙo ya je bayan gidansa ya haƙa rami ya binne, yadda ya gada, don jinin mutum ba abin bari a fili ba ne. Na fara ganin jiri in na miƙe. Iro ya ce lafiya ce ke shiga. Sannan ya ce ƙafarsa ƙafata, ba zai bari a ɗebi jinina a inda babu nawa ba.

Muka tsallaka gada da sassafe muka hau mota a Kawo. Ba zan gajiyar da ku da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba, wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba ya gode Allah. Ramin farko da muka faɗa na ji haƙoran robar sun nufi maƙogwaro, na ciro su na ƙulle a hankici na sa aljihu. Abin da na lura da shi a wannan tafiya shi ne, ranar da ba ka da haƙori ranar mutane ke zama masu kyauta. A Zariya wata Hajiya mai fataucin atamfa ta miƙo mini rake. A Funtuwa direba ya sayi tsire ya ce bismillah. A Talatar Mafara wani ya cika mini hannu da aya. Duk na karɓa na yi godiya na miƙa wa Iro, ya cinye yana yi mini jaje.

Muka kwana a Sakkwato, washegari da hantsi muka isa iyaka a Illela. Ɓangarenmu aka buga hatimi muka wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, fuska a murtuke, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Da ya zo kan zabirar Iro ya zazzage ta a tebur, sai ga ƙahoni goma sha biyu, asake, hantsaki, da dutsen wasa aska. Na fara shirya bayanin da zan yi wa Hajiya Talatu daga kurkukun ƙasar waje. Jandarma ya ɗauki ƙaho ɗaya ya leƙa cikinsa, ya dubi Iro ya ce, "Tsoho, aikinka ne?" Iro ya ce gado ne. Sai mutumin nan ya rage murya ya ce, "Wallahi wata ukku ke nan bayana ya hana ni kwana." Ba mu ankara ba ya tuɓe rigar kaki ya hau benci a bayan rumfa. Mota cike da fasinja tana jira, direbanmu ne mai riƙe ƙoƙo. Da aka gama ya miƙe ya murɗa ƙugu, ya sara wa Iro kamar janar. Ni da fasfo sabo ful ko kallona bai yi ba.

A Birnin Ƙonni muka sayi tikitin babbar bas, aka ce za ta tashi ƙarfe goma sha ɗaya. Mu da muka saba da Kawo mun san ma'anar wannan magana, wato in mota ta cika, direba ya ci abinci, ya yi sallama da budurwarsa. Iro ya tafi neman goro. Sha ɗaya na bugawa direba ya ja mota, ga kujeru har shida babu kowa. Na yi ihu da bakin da babu haƙori, babu wanda ya gane abin da nake faɗa, sai da aka hango wani tsoho yana gudu da zabira tana dukan cinyarsa. Ya shigo yana haki ya ce, "Wace irin ƙasa ce wannan da ba a san uzuri ba?" Har Dogon Dutsi yana mita. A Doso aka tsaya cin abinci, na ga burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi kuma kusan taurinsu ɗaya. Na jiƙa nawa a shayi har ya huce, bai sallama ba.

A Yamai ƙanen Emeka ya kai mu gidan wata Bazabarmiya, Hajiya Gambi, mai ba fataken Najeriya hayar ɗaki kusa da kasuwa. Mace ce mai jiki da murya, Hausarta tana fita da ƙarfi kamar tana faɗa, alhali gaisuwa take yi. Washegari muka yi wanka muka sa manyan riguna muka isa asibitin da ƙarfe ɗaya na rana, muka tarar da ƙofa a rufe, maigadi a kishingiɗe. Ya buɗe ido ɗaya ya ce sai uku da rabi. Ashe can in rana ta take, gari duka kwanciya yake yi, ofis da kanti da asibiti. Iro ya ce, "To wanda ciwo ya kama fa?" Maigadi ya ce shi ma ciwon ya san lokaci, ya mayar da idonsa ya rufe.

Likitar, Dakta Ramatu, 'yar Maraɗi ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Baba, kun taho lahiya? Daga ina?" Na gyara zama na ce daga Kaduna, Najeriya. Ta yi dariya ta ce, "Kaduna? To mi ya kawo ku har nan? Wanda muka yi kwas ɗin wannan aiki tare da shi ai a Kaduna yake, wata unguwa Barnawa." Jama'a, daga ƙofar gidana zuwa Barnawa hawa ɗaya ne a keke. Iro ya ɗaga kai yana nazarin silin. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ga shi yau ni na rubuta da hannuna.

Ta ɗauki hoton ƙashi, ta ce ƙashin ya sirance saboda daɗewa babu haƙori amma zai riƙe noti biyu, a kansu za a ɗora haƙora huɗun. Sannan ta sa aka ɗebi jini kaɗan don awo. Da muka koma washegari na tarar fuskarta ta canza. Ta ja fatar idona ta duba, ta ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, ba za ta taɓa ni a haka ba. Tana zagayawa bayana sai ta hangi tsagar da ke ƙeyata. Ta ɗaga wuyan rigata ta ga sauran, layi-layi kamar kunyar gyaɗa.

Ta ce, "Wa ya yi muku wannan?"

Iro ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji. "Ni ne, 'yata. Sati uku ina tace miki shi. Abin da ya rage a jikinsa zalla ne."

Ta ce, "Baba, mutumin da ya shekara uku yana shan kunu, ba ya tauna nama, shi kuka yi wa ƙaho sau uku? Jinin da nake nema shi kuka ɗebe. Yana ina?"

Iro ya ce, "Yana Makera, gindin dalbejiya."

Ta rubuta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in ci hanta da ganye, in dawo bayan sati uku. Daga ranar aiki kuma wata huɗu kafin a ɗora haƙori, kuma a tsawon lokacin ba a yarda in sa na roba ba, don zai danne wurin ya girgiza notin. Na sake lissafi da yatsu a ƙarƙashin riga. Kwana gomana na rara sun tafi, lissafin ya faɗa tsakiyar azumi. Na fara ciniki irin na Kasuwar Barci, na ce wata uku da sati ɗaya. Ta girgiza kai, na ce to uku da rabi. Na faɗa mata zancen tafsiri da Ustaz Kabiru da haƙoransa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Baba, da ni ce da na rage muku. Ƙashi ne, shi kuwa ba ya ciniki. Ku bari sai bayan salla."

Muka koma masauki ni da Iro. Da muka shiga ɗaki ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya tsara. Nan na fashe. Na ce, "Allah ya tsara, kai ka kafa ƙaho. Ba jini ka binne a gindin dalbejiya ba, Iro, kujerata ka binne." Shekara hamsin muna tare ban taɓa faɗa masa magana mai nauyin wannan ba, kuma na ga ta shige shi. Ya ɗauki buta ya fita. Raina ya ɓaci da shi, ya kuma ɓaci da kaina, don ai ba ɗaure ni ya yi ba, da ƙafata na je na ba shi ƙeya.

Hajiya Gambi ta karɓi aikin kiwona. Abincinsu na kullum dambu ne da kwaɗon zogale, abin da mu a Kaduna sai marmari, su kuwa safe da rana. Kowace safiya sai ta ja fatar idona ta leƙa, ta girgiza kai, yadda ake duba ragon layya. Hanta kuwa sai an daka ta kafin in iya haɗiya. Kwana biyu da faɗanmu na fito tsakar gida na tarar da Iro, dattijo mai furfura, wanzamin da ake ji da shi a Makera, zaune a tsakiyar mata da turmi a gabansa yana daka hanta. Matan suna ta dariya da Zabarmanci, bai ɗaga kai ba. Ya kawo mini a kwano ya ajiye ya ce, "Ci, ka mayar da abin da na ɗiba." Iyakar ban haƙurin da ya yi ke nan, kuma ya ishe ni. Haka ya yi kullum har sati uku, in ya gama ya je gindin bishiya ya buɗe zabira. Kafin mu bar garin ya fi Dakta Ramatu layi.

Ranar aiki Iro ya ce sai ya shiga. Likita ta yarda, aka sa masa hula da takunkumi, ya tsaya a lungu kamar ɓarawon da ya tuba. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaure mini dantse ta cika 'yan kwalabe shida da jini. Iro ya matso ya ce a ba shi ya tofa addu'a a kai, ya kuma ƙirga su don kada ɗaya ta yi ƙafa. Dakta Ramatu ta ce, "Baba, ku tofa daga nan. Ba a sa masa komi, jininsa ne tsura, in ya jira minti biyu zai daskare ya lalace." Kafin ta rufe baki an jera kwalaben a wani inji mai kamar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, an rufe, ya kama juyawa. Iro ya tsaya a kansa yana karanta duk abin da ya haddace, ido a kan murfi.

Bayan kamar minti goma sha biyu aka buɗe. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta nuna mana. Jinin ya rabu uku, ja a ƙasa, ruwa garau a sama, a tsakiya kuma wani guda rawaya mai santsi kamar kitsen kaza. Ta sa hantsaki ta jawo shi, ta datse jan da ke manne da shi da almakashi. Ta ce wannan gudan shi ne abin da jiki ke aikawa wurin rauni ya tsayar da jini ya fara ɗinki, inji ya tattaro shi wuri ɗaya ne kawai. Ta matse wasu a faranti suka baje kamar tantani, wasu ta yayyanka ƙanana. Iro ya sauke takunkumi, aka ce ya mayar. Ya ce, "Yanzu wannan a jikin Sabo yake? Inna lillahi. Shekara arba'in ina binne magani." Ta ce, "A'a Baba, na ƙaho daban ne, ku ci gaba da binne shi. Ko in ɗebi naku ku ga yadda yake?" Tana ɗaga allura Iro ya koma lungunsa har yana ture kwandon shara. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Aikin kansa ba ni da labari mai yawa a kai, don an kashe wurin da allura, idona kuma a rufe yake. Na dai ji kamar ana gyaran titin Kakuri a cikin ƙoƙon kaina. Ta huda, ta ɗaura noti biyu, ta cusa yankakken gudan nan a gefensu inda ƙashi ya sirance, ta shimfiɗa tantanin a kai, ta ja dasashi ta ɗinke. Da aka gama Iro ya nemi a ba shi ragowar jan jinin. Aka ce ƙonawa ake yi. Ya bi ma'aikaciyar har bayan asibiti, bai dawo ba sai da ya ga hayaƙi.

Na zaci fuskata za ta kumbura kamar ranar hatsari, sai ga kumburi kaɗan, zafin ma bai kai yadda na tsorata ba. Kwana bakwai ta cire zare, ta ce dasashin ya haɗe da kyau, naku ne ya ɗinke naku. Na ga fuska ta sake, na ce to tunda jinin ya yi ƙoƙari haka, ko za a duba maganar wata huɗun nan? Ta ce, "Ba tsahi ba ne, Baba, taimako ne. Nama ya yi sauri, ƙashi yana nan a kan bakansa." Ta ƙara da cewa ban da goro, ban da tauna da gaba, kuma ta ji labarin mai buɗe kwalba, in gaya masa tana nemansa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan ya tara wa Iro abokansa uku a iyaka. Mun iso Makera da la'asar na tarar da gidana cike. Hajiya Talatu ta soya naman rago don a gwada sababbin haƙora a gaban shaidu. Aka yi ta sannu da zuwa, kowa yana leƙen bakina. Da na ga ba makawa na yi murmushi. Na tafi da haƙora huɗu na roba, na dawo babu ko ɗaya a baki. Emeka ne kaɗai ya tsaya mini, ya ce, "Ku bar shi, engine dey inside, bodi ne ya rage." Naman kuwa Iro ya ci rabona.

Watan azumin tsofaffi ya wuce, Sha'aban ya bi shi. Haƙoran robar suna cikin wani gwangwani a kan kabad, ni da su muna kallon juna. Sau biyu na rufe ɗaki na gwada su a gaban madubi, na ji sun zauna daidai a kan wurin da aka hana. Shaiɗan ya ce mini awa ɗaya ce kawai a rana, wa zai sani? Gaskiya na so in bi shi. Ban taɓa sanin ina son kujerar nan haka ba sai da na ga za ta kuɓuce, kuma na gane ba don lada kaɗai nake son ta ba, har da yadda ake buɗa mini hanya in na shigo.

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar na sa gwangwanin a aljihu na nufi masallaci. A bakin ƙofa na ci karo da Iro. Ya dubi aljihuna ya dubi fuskata, ya miƙo hannu. Na tuna da turmin Hajiya Gambi. Na ciro na ba shi, na ce ya kai gindin dalbejiya ya haɗa da sauran. Ya ce, "Ni na daina binne abin da ban san amfaninsa ba," ya jefa a zabira.

Na shiga. Malam Babba yana zaune, ga kujerata a damansa, ga lasifika. Ya yi mini nuni in zauna. Na wuce sahu na biyu na kamo hannun Ustaz Kabiru na kawo shi na zaunar, ni kuma na zauna a ƙasa a tsakaninsu. Ya yi basmala ya fara. Na kasa kunne ina jiran kuskure, Allah ya yafe mini, ban samu ko ɗaya ba. Ya fi ni murya, ya fi ni numfashi. Wani tsoho a bayana har ya ce, "Ashe haka lasifikar nan take da kyau." Hawaye ya zubo mini, mutane suka ɗauka karatun ne ya ratsa ni, kuma rabinsa karatun ne.

Sai dai Kabiru bai san abu ɗaya ba. Malam Babba ya tsufa, ba ya iya riƙe doguwar aya, kuma ba ya son a ji ya ce a tsaya. Shekara goma sha tara, in ya kai inda zai fassara, gwiwata yake taɓawa da yatsa a ƙarƙashin tebur, babu wanda ya taɓa sani. Kabiru ya ja aya ya yi nisa, na ga leɓen Malam yana rawa. Sai na ji yatsan nan ya lalubo, ya wuce ƙafar tebur, ya sauka a gwiwata inda ya saba. Na miƙa hannu na taɓa gwiwar Kabiru. Ya tsaya cak. Malam ya fassara.

Yau ashirin ga wata, haka muke yi kullum. Kwamiti sun riga sun ce Kabiru zai ci gaba har baɗi, da haƙori ko babu, kuma ban yi musu ba. Jiya da aka tashi Malam Babba ya riƙe hannuna ya ce, "Sabo, in an sa maka haƙoran, kada ka canza wurin zama."